Huɗun da Ke Bayan Kwabo

Gwaggona Hallbera ta yi shekara talatin da ɗaya
a ofishin haraji na garinmu, bakin teku, kudancin Aislan,
tana buga hatimi a takardun masunta.
Su huɗu ne a jikin hatimin:
bajimin sa, da tsuntsu mai baki kamar lauje,
da macijin nan mai fukafukai,
da ƙaton dutse riƙe da sandar ƙarfe.
Sau ɗari a wuni take tsoma su a tawada,
ko sannu ba ta taɓa ce musu ba.

Sai da ta ajiye aiki ta fara gaishe su.

Cikin Disamba, lokacin da rana ke leƙowa
kamar mai bin bashi ta koma,
takan bi wasu mutum goma sha uku zuwa bayan gari,
inda ƙasa take baƙa ƙirin, tsohon aman dutse ya sandare.
Su hura wuta a rabin ganga.
Ƙaho ya zaga hannu hannu, cike da giyar zuma,
kowa ya kurɓa, a zuba wa ƙasa ragowar.
Maciji, tsare mana gabas.
Tsuntsu, arewa taka ce.
Sa, ka tokare yamma da ƙahonka.
In an zo kan kudu sai muryarta ta yi ƙasa,
don ƙaton nan maƙwabci ne.

Ni direba ne kawai. Ina gefe,
hannu a aljihu, sanyi na gatsar kunnena.
A hanyar gida na ce, Gwaggo, waɗannan fa na gwamnati ne.
Suna kan fasfo. Suna kan takardar tara.
Ta ce, gwamnati hotonsu ta ara,
masu hoton suna nan inda suke.
Ta ciro kwabon krona goma ta danna mini a tafi:
kifi a fuska ɗaya, su huɗun a ɗayar.
Wa ke kashe kwabo yanzu? Kowa kati.
Na jefa shi cikin akwatin mota, tare da tsoffin rasit.

Daren da ƙasa ta fara gurnani
kofuna suka yi ta sauka daga kanta ɗaya bayan ɗaya,
kwalta ta tsage a gaban gidan burodi,
tururi na fita kamar an buɗe tukunya.
Gari ya watse. Ita ta ƙi.
Ta zauna a kicin da rigar barci da takalmin roba,
wai mai gadin kudu bai sallame ta ba.
Na yi magiya, na yi faɗa, har na zagi dutse.

Sai ga ƙwanƙwasa.
Wani dogon ɗan agaji, Styrmir, sai da ya sunkuya ya shigo,
ƙanƙara a gemunsa, sandar gwada rami a hannu,
ɗaya hannun kuma takardar umarni.
Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ta a tebur.
Gwaggo ta sa tabarau.
Ba rubutun ta karanta ba, saman takardar ta duba,
ta daɗe,
sannan ta dubi sandar, ta dubi mutumin har sama.
Ta ce, to, ka zo ke nan.
Ta ɗauki kyanwarta, ta kashe fitila.

Muna tafe, bayanmu sama ta yi ja.
Ba wanda ya yi magana har muka wuce gada.
Ban ce na yarda ba, har yau ban ce ba.
Mutumin yana da mata da lambar waya, na bincika.
Amma a kowane gargada
kwabon nan yana ƙara cikin akwati,
ban kuma buɗe na sa shi ya yi shiru ba.